Waifa Ta Ƙi Aiki: Yadda Za Ka Gane Ko Laifin Makunni Ne Kafin Ka Sayi Wani

Daga ƙarshen Oktoba har zuwa Mayu, waifar mota a Arewa hutu take yi. Ba mai taɓa ta sai in ƙurar hunturu ta rufe gilashi. Rana tana gasa robar, giris ɗin da ke gaɓoɓinta yana bushewa, ƙura tana shiga ko'ina. Ranar da aka yi ruwan farko sai direba ya danna sandar da ke gefen sitiyari ya ji shiru, nan take ya yanke hukunci cewa makunni ya mutu, don shi hannunsa ya taɓa. Sau da yawa ba shi ba ne. Fiyus, injin waifa, ƙarafunan da ke jan hannuwanta da wayar da ke komawa jikin mota, kowannensu yana iya kawo wannan shirun. Ba za ka ɗora wa makunni laifi ba sai ka nuna abu biyu da mita: wuta tana shiga cikinsa, kuma ba ta fita ta inda ya kamata.

Yadda wutar ke tafiya

Wuta tana tashi daga batir, ta bi ta makullin mota, ta ratsa fiyus, ta iso makunni. A wasu motocin daga nan kai tsaye take zuwa injin waifa, a wasu kuma sai ta bi ta rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke haɗa babbar wuta in ƙaramar wuta ta iso masa. Injin yana da kabon uku a ciki, wato ƙananan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa: ɗaya na kowa, ɗaya na gudu kaɗan, ɗaya na gudu sosai. Akwai kuma wani ƙaramin makunni a cikin injin, faifai ne mai zagayawa tare da giya, wanda aikinsa shi ne ya ci gaba da ba injin wuta bayan ka kashe, har hannuwan su sauko ƙasan gilashi su kwanta. Riƙe wannan a ranka, domin yawancin rikicin da ake yi tsakanin makunni da inji daga wannan faifan yake fitowa.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, testa mai ƙwan fitila, sukudireba mai kan kuros, sifana mai lamba 10 da 14, guntun waya mai fiyus a tsakiya, da robar ruwa. In ka sami zanen wayoyin motarka, ka rage wa kanka rabin wahala.

Fara da kunne da ido

Watsa ruwa a gilashi tukuna. Kada ka gwada waifa a busasshen gilashi mai ƙura, za ka karce gilashin kuma ka wahalar da injin. Duba ko robar ta manne, ka ɗaga ta da hannu. Sannan murɗa makulli zuwa ON, ba sai ka tayar da mota ba, kashe rediyo da fanka, ka bi matakan sandar ɗaya bayan ɗaya: MIST (shafa sau ɗaya), INT (shafa tana hutawa), LO (gudu kaɗan), HI (gudu sosai), sai ka jawo ta don fesa ruwa.

In kana jin gurnanin inji a ƙasan gilashi amma hannuwa ba sa motsi, makunni ya fita daga zargi tun yanzu. Ko dai notin da ke riƙe hannun ya saki, ko haƙoran da hannun ke zama a kai sun cinye, ko ɗaya daga cikin ƙarafunan ciki ya fice daga robarsa. In hannu ɗaya yana tafiya ɗaya yana kwance, haka maganar take.

In babu motsi babu ƙara a kowane mataki, fiyus za ka nufa. In LO tana aiki HI ba ta yi, ko akasin haka, to abu huɗu ne a gabanka: bakin makunni na wannan matakin (ƙarfen da ke haɗa wutar), wayarsa, rile in akwai, ko kabon ɗin wannan gudun a cikin inji. In INT kaɗai ta mutu, abin da ke ƙirga daƙiƙun ne ya lalace, kuma a motoci irin su Corolla ta 2003 zuwa 2008 a cikin makunnin yake zaune, ba a akwatin fiyus ba.

Waifar da ke tsayawa a tsakiyar gilashi da zarar ka kashe, galibi faifan cikin inji ne ya ƙone ko ya yi datti. Na ce galibi, domin wutar da faifan ke aikowa sai ta koma ta cikin makunni a matsayin OFF kafin ta dawo inji, saboda haka makunnin ma yana iya riƙe ta. Wadda kuma ta ƙi tsayawa sai an zare makulli, mutane suna cire soket ɗin makunni su gani. In ta ci gaba da tafiya bayan an cire, lallai ba makunni ba ne, rile ne ya manne ko wayoyi suka haɗu. Amma in ta tsaya, wannan ba hujja ba ce a kan makunni, don ka yanke hanyar faifan ne gaba ɗaya. A nan ne rewaya mai gaggawa yake tura mutum kasuwa a banza.

Alamar da ta fi kowacce nuna makunni ita ce wannan: waifa tana aiki in ka ɗan danne sandar, ko ka girgiza ta, ko ka riƙe ta tsakanin mataki biyu, in ka saki ta tsaya. Haka nan in sandar ta yi lakwas ba ta yin ƙas a kowane mataki, ko kana jin ƙaurin roba a wuyan sitiyari. In kuwa ɗaga sitiyari sama ko sauke shi ne ke sa ta aiki, to wata waya ce ta karye a cikin rigarta a wurin lanƙwasa.

Fiyus

Duba murfin akwatin fiyus, na ƙarƙashin dashbod ko na cikin bonet. Toyota tana rubuta WIP ko WIPER, na fesa ruwa kuma WSH in an raba su. Yawanci amp 20, 25 ko 30 ne: mai ruwan ɗorawa 20, fari 25, kore 30. Kada ka amince da ido. Da makulli a ON, maƙala kan testa a jikin ƙarfen mota, ka taɓa ƙananan ƙarafa biyun da ke leƙowa a bayan fiyus ɗin. Duka biyu su kawo wuta. Ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba, ya ƙone. Babu wanda ya kawo, matsalar tana baya, wajen makulli ko babban rile.

In ya ƙone, sa mai lamba iri ɗaya. In ya sake ƙonewa nan take, tsaya. Akwai inda waya ta taɓa jiki, ko inji ya cije yana jan wuta fiye da kima. Masu naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus su ne suka fi kawo makunnin da ya narke, domin zafin da fiyus zai ɗauka ya mutu, makunni ne ke ɗaukarsa.

In motar tana da rilen waifa a akwatin, ɗora yatsa a kansa wani ya kunna maka. Ƙas ɗin da za ka ji yana nufin saƙon makunni ya iso. Za ka iya musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na hon, ka gani.

Je wajen inji kafin ka taɓa sitiyari

Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, alhali shi ne ke raba gardama. Injin yana ƙarƙashin baƙar robar da ke gindin gilashi. A wasu motocin soket ɗinsa a fili yake, a wasu sai ka cire hannuwan waifa da robar. Kafin ka kwance notin, manna salatif a gilashi daidai inda kowace roba take kwance, don ka mayar da su mazauninsu.

Zare makulli, cire soket ɗin inji, sannan ka mayar da makulli ON. Ba don komai ba sai don yatsunka: injin waifa yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa tsakanin ƙarafunan nan, kuma yana iya tashi da kansa don ya ƙarasa zagayensa.

Sa mita a volt na DC, baƙar waya a jikin mota, ja kuma kana taɓa bakunan soket ɗin da ya fito daga mota. A tsarin Toyota bakuna biyar ne. Ɗaya zai nuna wajen volt 12 koyaushe muddin makulli yana ON. Ɗaya zai kawo 12 in an sa LO. Wani zai kawo in an sa HI. Ɗaya na faifan nan ne, na ƙarshe kuma shi ne at, wayar da ke komawa jiki. In wutar LO da ta HI suna zuwa suna ɗaukewa daidai da yadda ake motsa sanda, makunni yana aikinsa. Mayar da mita ohm, kashe makulli, ka auna tsakanin bakin at da ƙarfen mota. Ya kamata ya zama ƙasa da ohm 1. Tsatsa a wurin da aka ɗaure wannan wayar tana kashe waifa ko ta sa ta tafiyar hawainiya.

Sai dai ba kowace mota ke bin wannan tsarin ba. Tsofaffin Honda, irin Accord da Civic na shekarun 1990, injinsu yana da wuta koyaushe, makunni kuwa hanyar komawa jiki yake buɗewa. In ka nemi volt 12 a bakin LO ba za ka samu ba, sai ka ce makunni ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. A irin wannan, juya testa: maƙala kanta a kan fositif na batir, ka taɓa bakin soket. Ƙwan zai kama in makunni ya haɗa wannan bakin da jiki. Motocin Jamus kamar tsohuwar Golf da Marsandi sun sauƙaƙa wa mutum, suna buga lamba a jikin soket: 53 gudu kaɗan, 53b gudu sosai, 53a wutar ƙarasa zagaye, 31 at.

Kana nan ɗin, gwada injin shi kaɗai. Haɗa at ɗinsa da jiki, ka kawo wuta daga batir ta wayar nan mai fiyus zuwa bakin LO, sannan bakin HI. A tsarin Honda kuma akasin haka, wuta a bakin wuta, ka riƙa taɓa LO da HI da jiki. Inji ya juya a duka biyun amma saƙo ba ya isowa soket, yanzu ka sami dalilin buɗe wuyan sitiyari.

Buɗe wuyan sitiyari

Kashe mota, cire kan negatif na batir, ka jira. Toyota ta ce daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. Ni dai minti biyar nake ba kowa shawara, ba abin da zai ragu. Dalilin jiran jakar iskar da ke cikin sitiyari ce, wadda ke riƙe sauran wuta bayan an cire batir. Duk soket ko waya mai rigar ruwan ɗorawa da ka gani a wurin, tata ce. Kada ka cire, kada ka kusanto da mita ko testa. In rediyonka mai neman lambar sirri ce bayan cire batir, tabbatar kana da lambar tukuna.

A yawancin motocin Japan ba sai ka cire sitiyari ba. Murfin roba ne biyu, sama da ƙasa. Sukuru ɗaya yana ƙasa, biyu kuma suna ɓoye a bayan sitiyari, sai ka juya shi hagu da dama za su bayyana. Makunnin waifa galibi yana dama, riƙe da sukuru biyu ko ɗan harshen roba da ake dannawa a zaro shi. In motarka tana cikin waɗanda dole sai an cire sitiyari, kai wa wanda ya saba, domin akwai kebul a nannaɗe a bayansa da ke tsinkewa in aka juya shi ba daidai ba.

Kafin mita, dubi soket ɗin da kyau. Bakin da ya yi baƙi, roba da ta narke, kore-koren tsatsa, ko ƙarfen da ya ja baya ya daina kamawa, duk suna yin abin da mataccen makunni ke yi. Motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu tana buƙatar ƙarin kallo, don an yi wa wayoyinta ƙari, kuma sau da yawa murɗawa kawai aka yi aka naɗe da salatif.

Gwajin makunnin kansa

Gwaji na farko, wuta tana shiga? Bar soket ɗin waifa a cire, tabbatar ba ka taɓa na ruwan ɗorawa ba, mayar da batir, makulli ON, ka nemi volt 12 a bakin da ke kawo wuta daga fiyus. Babu wuta, to makunni bai ci ba balle ya bayar. Waya ce ta yanke tsakaninsa da akwatin fiyus.

Na biyu, da makunnin a hannunka, sa mita a wurin da take yin ƙara in wayoyi biyu sun haɗu. A littafin Toyota sunayen bakunan su ne +B mai kawo wuta, +1 na gudu kaɗan, +2 na gudu sosai, +S na faifan inji. A OFF, +1 da +S su haɗu. A INT ma haka. A LO da MIST, +B da +1. A HI, +B da +2. Kowanne ya nuna ƙasa da ohm 1. In ba ka da zanen da zai nuna maka wane baki ne wane, bi kalar wayoyin da ka gani a soket ɗin inji, galibi ita ce ke isowa nan. Yayin da mita ke ƙara, girgiza sandar sama da ƙasa ba tare da ka sauya mataki ba. Ƙarar ta riƙa yankewa, bakunan ciki sun cinye. Matakin da ya ƙi ƙara gaba ɗaya, shi ne ya mutu. Ka kuma duba akasin haka, kada +B ya haɗu da +1 ko +2 a OFF, wannan shi ke sa waifa ta ƙi tsayawa.

Na uku shi ne wanda na fi yarda da shi, kuma shi aka fi mantawa. Mita tana gwada haɗuwa da 'yar wuta ƙanƙanuwa, wadda ko bakin da ya ƙone saura zare ɗaya zai bar ta ta wuce. Inji kuwa amp da yawa yake ja, musamman a lokacin tashi. Don haka makunni yana iya cin gwaji na biyu ya faɗi a kan titi. Mayar da duka soket, jiƙa gilashi, kunna LO. Sa mita a volt, ka soka bakunanta ta bayan soket inda wayoyi ke shiga, ja a +B, baƙa a +1. Abin da za ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a cikin makunnin. Lafiyayye ba ya wuce 0.2 ko 0.3. Ka ga volt 1 ko fiye, bakunan sun ƙone, kuma in ka taɓa jikin makunnin bayan minti biyu za ka ji ɗumi. Maimaita a HI tsakanin +B da +2.

Sai ka rufe da wannan: cire makunni, ka haɗa +B da +1 a soket ɗin mota da wayar nan mai fiyus. Waifa ta tashi da ƙarfinta, ka gama bincike. Wannan dabarar ta tsofaffin motoci ce kawai, masu wayoyi masu kauri a makunni.

Motocin da kwamfuta ke tsakani

In ka buɗe ka tarar da wayoyi sirara, ko makunnin ya shige cikin wani akwati a bayan sitiyari babu soket nasa, to ba wutar inji ke bi ta cikinsa ba. Saƙo kawai yake aika wa kwamfutar da ke kula da fitilu da ƙofofi, ita ce ke ba inji umarni. Golf ta biyar da ta fito a 2003 haka take, da yawancin motocin da suka biyo baya. A nan ajiye testa mai ƙwai da wayar haɗi, suna iya ƙona maka abin da ya fi makunni tsada nesa ba kusa ba. A wasu kowane mataki yana ba da adadin ohm nasa daban, sai ka duba ko adadin yana sauyawa kuma yana tsayawa cak a kowane mataki. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wa motar kwamfutar bincike, a buɗe shafin da ke nuna abin da makunni ke faɗa a lokacin. Kana motsa sanda allo yana sauyawa daga OFF zuwa LO zuwa HI, makunni lafiya. Matakin da allo bai gani ba, nan matsalar take.

Abu biyu suna ruɗa mutane a irin waɗannan motocin. Ita Golf ɗin da 'yan uwanta ba sa kunna waifa in bonet yana buɗe, saboda haka wanda ke gwaji da bonet a sama zai yi ta neman cutar da babu, haka ma in ɗan makunnin da ke jikin makullin bonet ya lalace. Na biyu, motar da ke da AUTO tana da na'urar jin ruwa a manne bayan madubin tsakiya. In an sauya gilashi ba a manna ta da kyau ba, AUTO za ta rikice, LO da HI kuwa suna aiki daidai.

Gyara ko saye

Tsohon makunni mai buɗuwa, in datti ne ko busasshen giris, ana wanke bakunansa da feshin wanke kayan lantarki, a goge da samfefa mai laushi, a shafa giris kaɗan. Buɗe shi a kan tire ko farin ƙyalle, don akwai ƙananan sifirin da ƙwallayen ƙarfe da ke tsalle su ɓace. Kada ka wanke da fetur. In tagullar ta yi rami ko robar ta narke, gyaran ba zai kai ƙarshen damina ba.

Za ka saya, tafi da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da makunni iri uku: mai zoben rage saurin INT, marar zobe, da mai waifar baya. Na motar Amurka ma wani lokaci ya bambanta da na Turai. Dubi lambar da ke jikinsa, na Toyota da 84652 take farawa, ka ƙirga bakunan soket. Na Beljiyam mai kyau ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, amma riƙe mitarka ka yi masa gwaji na biyu a gaban mai shago kafin ka biya.

In makunnin da ka cire ƙonewa ya yi, kada ka sa wani sai ka nemo abin da ya ƙona shi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Cire ƙarfen da ke haɗe da inji ka motsa hannuwan waifa da hannunka. Ya kamata su tafi ba tare da ka yi nishi ba. In sun cije, zaro sandunan da ke ratsa jikin mota, ka goge tsatsa, ka sa giris. Duba kuma ko fiyus ɗin da ke ciki lambarsa ta fi wadda aka rubuta a murfi.

Wajen mayarwa, cire batir kamar ɗazu, sa makunni, mayar da batir, ka gwada kowane mataki kafin ka rufe murfin. Kunna waifa ka kashe ba tare da hannuwa ba, don inji ya tsaya a mazauninsa, sannan ka ɗora hannuwan a kan alamar salatif ka ɗaure noti. Juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ji ko wata waya tana gogawa, ka gwada sigina da hon, ka kuma tabbatar fitilar jakar iska a dashbod ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu kamar yadda ta saba.